Waɗanda suka taɓa sakar wa Tesla sitiyari, ku ba ni labari kafin in saya

Direban Dalas: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ina kabu-kabu a nan Teksas, motata kuma ta gaji, duk wata sai na leƙa wurin bakanike. Na samu motar lantarki ta Tesla, Model 3, ta hannu, ƙirar 2021, kuɗinta bai fi ƙarfina ba. Abu biyu ne suka hana ni barci. Shin motar za ta jure aikin awa goma kullum? Sannan manhajar nan ta FSD da ake biyan dala 99 duk wata don motar ta tuƙa kanta, aikin gaske take yi? Don Allah wanda ya zauna a kujerar direba da kansa nake son ji daga bakinsa.

Baba na Oslo: Wa alaikumus salam, ɗana. Ni tasi nake ja a Nowe tun kafin a haifi autana, yanzu kuma Model Y ce a hannuna. A nan motar lantarki ta daina zama abin kallo, domin a 2024 kusan tara cikin goman sababbin motocin da aka saya masu batir ne. Abin da zan fara tambayarka shi ne, ina za ka kwantar da ita? In kana da wurin caji a gida, ka gama da rabin matsalar. Da dare nake jona tawa, in wayi gari ta cika, kamar yadda ake yi wa waya. In kuwa sai ka je wuraren caji na kuɗi kullum, ribar za ta ragu ƙwarai, ga zaman jira fasinja na wuce ka.

Babu juyen baƙin mai, babu fulogi. Birki ma da wuya in taka shi, da na ɗaga ƙafa daga totur motar ke rage gudu da kanta tana mayar da wutar cikin batir. Amma ka ware kuɗin taya. Duk motar lantarki nauyi gare ta, tana cin taya fiye da wadda ka saba. Sanyi kuma yana rage tafiyar batir, shi ya sa nake ɗumama ta tana jone da wuta kafin in fita sallar asuba. Kai da kake Teksas, wannan ba zai dame ka kamar ni ba.

Maman Tagwaye, Merilan: Ƙanena, ni zan yi maganar FSD, don na gwada. A 2024 kamfanin ya ba masu motar a Amurka gwajin wata guda kyauta, na kunna. Ranar farko ba zan manta ba. Na sa adireshin gida, na ɗora hannu a kan cinya, sai ga sitiyari yana juyawa shi kaɗai. Ta tsaya a danja, ta jira wata tsohuwa mai tura keken cefane ta gama tsallakawa, ta ba da sigina ta shiga babbar hanya. A allon gabana ina ganin motocin da ke kewaye da ni an zana su ɗaya bayan ɗaya, har da mai keke a gefe. Bakina bai daina salati ba har ƙofar gida. Wallahi abin ya burge ni, ba zan rage masa komai ba.

To amma ga dalilin da ya sa da watan ya ƙare ban biya ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare nake yi. Lokacin da na fi bukatar wani ya tuƙa ni shi ne ƙarfe bakwai na safe, idona kamar an zuba yashi. Wannan kuwa shi ne ainihin lokacin da ban isa in sa mata ido ba. Akwai kyamara a saman madubi tana kallon idonka, kana kawar da kai ko ka duba waya za ta yi maka gargaɗi. Kamfanin da kansa ya ƙara wa sunan manhajar kalmar da ke nuna cewa sai da sa idon mutum take aiki, kuma in wani abu ya faru, kai da ke kujerar za a tambaya. Ka tuna a Disamban 2023 sai da aka sabunta manhajar Autopilot, mai taimaka wa direba tuƙi, a motocin Tesla kusan miliyan 2 bayan binciken hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, saboda a ƙara tsananta wa direba ya mai da hankali. Na lura kuma da wani abu a kaina: duk ranar da ta yi tuƙi mai kyau, washegari hankalina ya fi kwanciya, idona ya fi sakewa. Wannan ya tsorata ni fiye da komai. Kai da kake ɗaukar 'ya'yan mutane awa goma, ka yi tunani a nan sosai.

Alhajin Gwanzu: Malam, ka san me ya sa ka same ta da araha? Ni a Chaina nake harkar kaya, a gabana abin ya faru. Masana'antar Tesla ta Shanghai a farkon 2019 aka fara gina ta, kafin shekarar ta fita har motoci sun fito. Daga nan suka buɗe ta kusa da Balin a Jamus da ta Ostin a Teksas a 2022. Kamfanin da ya sayar da mota wajen 500,000 a 2020, a 2023 ya sayar da miliyan 1.8. Sai dai in na kira tasi a nan Gwanzu, galibi motocin Chaina ƙirar BYD ko Aion ke zuwa. A watanni ukun ƙarshe na 2023 BYD ta wuce Tesla a cinikin motoci masu batir zalla. Ɗan kasuwa ya san abin da ke biyo bayan haka. Tun Janairun 2023 Tesla ta fara karya farashi, har kusan kashi 20 a wasu motocin a Amurka, sabuwa kuma in ta sauko dole ta hannu ta bi ta. A 2024 cinikinsu ya ɗan ja baya. Don haka ka saye ta a matsayin kayan aiki, kada ka sa ran za ka sayar ka mayar da kuɗinka.

Ɗalibi a Ostin: Yaya, ni ba ni da mota, amma na hau tasin kamfanin Waymo mai tuƙa kanta a nan, babu kowa a gaba, na kuma ga tasin Tesla da aka fara a Yunin 2025 da ma'aikaci zaune a kujerar gefe. Waymo na ɗauke da na'urar leza mai auna tazara a saman rufi, Tesla kuwa kyamara kawai ta dogara da ita, shi ya sa tata ta fi sauƙin yawaita in ta yi nasara. Tun 2019 shugaban Tesla, Elon Musk, ya ce za a ga irin tasin nan miliyan guda a 2020. Ban faɗi haka don raini ba, suna matsowa, kuma sana'arka suke nufa. Kada ka ci bashin shekara shida a kan mota.

Baba na Oslo: Na manta ban faɗa ba. Garantin batirin Model 3 shekara 8 ne ko mil 100,000 zuwa 120,000, gwargwadon irinta. Duba mil nawa ta ci, domin da irin aikinka mil ɗin zai riga shekarun ƙarewa.

Direban Dalas: Allah ya saka muku da alheri. Anti, maganarki ta zauna min, FSD dai na ajiye ta tukuna. Na duba, motar ta ci mil 58,000. Na yi hayar irinta ta mako guda daga Litinin don in gwada da aikin gaske, gobe kuma zan je ofishin masu gidanmu in tambaya ko za su yarda a sa min wurin caji a inda nake fakin. Baba, in suka ƙi, kana ganin in haƙura gaba ɗaya?