Ciwon ido a doki da shanu: abin da aka tsayar

A tattaunawar da aka yi kan yadda za a magance ciwon ido a doki da shanu, kusan kowa ya yarda ƙuda ne ke yaɗa ciwon ido a garke, musamman jan idon shanu, don haka a ware wadda ta kamu a kai ta inuwa, a wanke idon da dafaffen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce, likita ya yi mata allurar oksitetrasaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Doki kuwa nan aka fi jan kunne, in ka ga yana runtse ido yana hawaye kar ka ce sai gobe, kuma don Allah kar a ɗiga maganin da ke da sitiroid (sinadarin rage kumburi) kafin likita ya duba, don in akwai gyambo a idon maganin zai sa ya ci gaba da ci har idon ya tsiyaye. Masu barbaɗa toka a idon dabba kam sun sha faɗa.