Wa ya taɓa jin ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafarsa?

Hajiyar Bagalam:
Salamu alaikum. Autana ya samu gurbin karatu a Indunusiya, ni kuwa tun da na ji sunan ƙasar barci ya ƙaurace mini, ruwan da ya ci mutane a 2004 kawai nake tunawa. Mu nan Maraɗi ambaliyar Gulbi ce iyakar saninmu. Don Allah wanda ya taɓa zama inda ƙasa ke girgiza ya ba ni labari.

Ɗan Mokoyo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a Tokyo ta same ni, ranar Juma'a 11 ga Maris 2011, ƙarfe 2:46 na rana. Shayin da ke gabana ne ya fara rawa cikin kofi, na ɗauka jiri nake ji. Ina waigawa sai na ga Japanawa duk sun shige ƙarƙashin tebur, ba ihu ba gudu, ni kaɗai ke salati da ƙarfi. Ƙananan da muka saba da su kafin ka ce kwabo sun wuce, wannan kuwa mintuna ta yi tana jijjiga gini. Jiragen ƙasa suka tsaya, da ƙafa na koma gida cikin dare, a talabijin na ga ruwa ya shafe garuruwan arewa.

Daga baya malaminmu ya warware mana. Ɓawon duniya faya-fayai ne manya, kuma faifan tekun Fasifik yana kutsawa ƙarƙashin Japan, santimita 8 zuwa 9 a shekara. Bakin faifan sama ya maƙale da shi, yana bin shi ƙasa yana lanƙwasa, kamar ka jawo reshen geza. Shekaru ɗaruruwa ƙarfi na taruwa. Ranar da ya kufce sai ƙasan teku ya yi sama lokaci guda, ya ɗaga duk ruwan da ke kansa. A zurfin teku ruwan nan gudun jirgin sama yake yi, sama da kilomita 700 a awa, in ya iso gaɓa sai ya rage gudu ya tashi tsaye.

Malamin Sabon Gari:
Hajiya, ni Banda Aceh na zauna, can Indunusiya. Da idona na ga jirgin ruwan nan mai nauyin tan 2,600 da igiyar 2004 ta ajiye a tsakiyar unguwa, yanzu har ziyara ake kai mishi. Tawa girgizar ranar 11 ga Afrilu 2012 ce, mai maki 8.6 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa. Mai gidan da nake haya ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba, ta ce in hau babur ɗin ɗanta mu yi tudu. Hanya ta cushe, mata na kuka. Amma babban ruwa bai zo ba, don wannan karon ɓawon duniya gefe da gefe ya goga, bai ɗaga ƙasan teku ba. Duk da haka ban ga laifin gudunmu ba, wa zai tsaya tantancewa? Mutanen tsibirin Simeulue na Indunusiya tun igiyar 1907 kakanni ke gaya ma jikoki: in ƙasa ta girgiza, teku ya ja baya, a hau dutse. A 2004 kaɗan ne suka mutu a can.

Ɗiyar Zariya:
Ni girgizar Turkiyya ce ta same ni, 6 ga Fabrairu 2023, ƙarfe 4:17 na asuba, muka fito cikin sanyi da kayan barci. Can ba teku ba ne, gine-gine ne suka kashe mutane. Hajiya, ki ce mishi ya duba gidan da zai kama, kar ya bi arha.

Hajiyar Bagalam:
Allah ya saka muku da alheri. Bari ya dawo daga masallaci in tambaye shi sunan garin, Malam ka gaya mini ko bakin teku ne.