Uwar kamfani ta ce za ta karɓi ragamar gidan abincinmu: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ne ke riƙe da reshen wani kamfanin gidajen abinci, irin tsarin da za ka biya kuɗi a ba ka suna da tambari, kana ba su kaso daga ciniki. Rashin lafiya ta kwantar da shi, kason ya taru ba a biya ba. Yanzu sun aiko takarda cewa in ba a gyara ba za su turo manajansu ya riƙe wurin na wucin gadi. Don Allah wanda ya taɓa gani da idonsa ya faɗa mana yadda abin yake.

Wanda ya gaji reshe: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Mu rasuwa ce ta kawo mana su. Da Baba ya rasu babu wanda ya samu horon kamfani a cikinmu, ita kuwa yarjejeniyar ta ba su damar shiga in mai reshe ya rasu ko ya kasa aiki, har tsawon kwana 90. Sun buɗe asusu daban, cinikin yana shiga can. Daga ciki ake biyan albashi, haya, masu kawo kaya da ladan manajansu, abin da ya rage a ba mu. Duk wata muna ganin lissafi. Da na gama horo suka miƙa mini makullai. Ba don su ba da wurin ya mutu.

Tsohon mai reshe: Hajiya, ki bi a hankali. Ni bashin kaso ne kamar na yayanki. Wa'adin gyara yana cika, da sassafe na tarar an sauya lambar sirrin na'urar karɓar kuɗi, ma'aikatana suna kallona ba su san wa za su gaisar da "oga" ba. Abin da ya fi ci mini rai, bayan ladan gudanarwa har kuɗin otal da na tafiyar manajansu daga cinikina ake cira, bashin kuma yana nan a wuyana, haka ma asarar da aka tafka a hannunsu. Tawa yarjejeniyar cewa ta yi za su riƙe "har sai sun gamsu". Ba su taɓa gamsuwa ba. Daga nan aka soke yarjejeniyar gaba ɗaya.

Mai dafa abinci: Mu na kicin ba a tambayarmu, amma mu muka fi shan wahala. Namu ogan ya daina zuwa, ɗakin sanyi ya lalace, nama ya fara sauya kala, muna zuba ƙanƙara a kai muna addu'a kada jami'an duba-gari su shigo. Da mutanen kamfani suka zo, ba su jira wani wa'adi ba, suka kwashe kayan suka zubar, suka kira mai gyara. Na ji daɗin hakan. Sai dai albashinmu na baya sun ce ba su suka ɗauke mu aiki ba, mu nemi oga.

Tsohon ma'aikacin uwar kamfani: Mai dafa abincin nan gaskiya ta faɗa. Na yi wannan aiki, kuma ba son shiga muke yi ba, don da zarar ka riƙe wuri, hatsari ko ƙarar ma'aikaci na iya faɗowa kanka. Ikon shigar daga yarjejeniya yake fitowa. In ba a rubuta ba, sai da yardar mai reshe ko umarnin kotu. Dalilan da aka saba rubutawa su ne barin wurin a rufe, mutuwa ko kasawa, barazana ga lafiyar masu cin abinci, da saɓa sharaɗi ba a gyara ba bayan gargaɗi. Akwai kuma abin da ke ɗaure mana hannu: in takardar haya da lasisin sayar da abinci da sunan mai reshe suke, mai ginin zai iya hana mu shiga sai in an sa shi ya sa hannu tun farko. A Amurka, dokar FTC, hukumar tarayya mai kula da harkar kasuwanci, ta wajabta a ba mai sayen reshe takardar bayani kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya kuɗi, sashe na 17 na takardar ne ke bayanin soke yarjejeniya. Kuma can in mai reshe ya shigar da takardar karayar arziki a kotu, yunƙurin karɓe dukiyarsa yana tsayawa nan take sai alƙali ya ba da izini. Kowace ƙasa da dokarta, ki kai wa lauya takardun yau ɗin nan.

Tsohon mai reshe: Ki kuma sa a ƙirga kayan sito, a ɗauki hoton injina, ɓangarorin biyu su sa hannu kafin a miƙa makulli.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba, tamu yarjejeniyar ta ambaci rashin lafiya amma ba ta sa ranar fita ba. Yallaɓai, kai da ka yi aiki a wajensu, suna yarda a rubuta ƙarin takarda mai wa'adi da sharaɗin ba da lissafi kafin su shigo?