Sunan ƙarfe za a rubuta ko sunan direba?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Malam, ni fa ban ga laifin sunan "xhci-platform" a bishiyar na'urori ba, wato fayil ɗin da ke faɗa wa Linux kayan da ke kan allon kwamfuta. Da sunan nan ne direba, wato manhajar da ke tafiyar da na'ura, yake gane xHCI, mai kula da USB 3. An soka filas, ta bayyana, aiki ya tafi. Mayar da shi "generic-xhci" ɓata lokaci ne kawai.

Malam: Wa alaikumus salam. Bishiyar nan ba ta Linux ba ce ita kaɗai. Daga Open Firmware ta samo asali, wata ƙa'idar tayar da kwamfuta, kuma U-Boot mai tayar da allo da tsarin aiki na FreeBSD duk suna karanta ta. Kalmar "platform" kuwa tsarin cikin gidan Linux ce, ƙarfen, wato ita kanta na'urar, bai san da ita ba. Abin da ke kan allo ake rubutawa: adireshin rajista, agogon da ke ciyar da shi, layin da yake kiran firosesa.

Injiniya: Gafarta Malam, ai "generic" ɗin ma ba ƙarfe ba ce. Wane kamfani ya taɓa ƙera cif mai wannan suna? "usb-ehci" ya fi gaskiya, tunda EHCI ƙa'ida ce ta USB 2.0.

Malam: An gwada "usb-ehci" a 2014, lokacin da Hans de Goede, wani mai haɓaka Linux, yake aikin alluna masu cif ɗin kamfanin Allwinner. Sai aka tarar fayiloli da dama, har da na cif ɗin OMAP na Texas Instruments, tuni sun sa "usb-ehci" a matsayin suna na biyu. Direban gama-gari ya riƙa cafke na'urar da ke buƙatar nata direban. Dole aka koma "generic-ehci", da "generic-ohci" na USB 1.1.

Hajiya: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Wani kamfani ya kawo mana allo da "generic-ehci" shi kaɗai. Da matsala ta ɓullo bayan allon ya farka daga barci, na kwana biyu ban sami sunan da zan rataya gyaran a kai ba. Da sun fara da sunan cif, irin "allwinner,sun4i-a10-ehci", sannan na gama-gari ya biyo baya, da layi biyu sun isa.

Ɗalibi: To Anti, ba sai a canza sunan daga baya ba?

Hajiya: Allon da ya riga ya shiga hannun mutane fa? Duba direban xHCI, har yau "xhci-platform" yana cikin jerin sunayen da yake karɓa, don kada tsofaffin alluna su rasa USB.

Injiniya: Wannan na yarda. Amma Malam, "generic" har yanzu ba ta kwanta mini ba.