Ta yaya zan hana buga takarda daga kwamfutocin kamfani ba tare da aiki ya tsaya ba?

sabon_hannu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar. Kamfani ne mai kwamfuta kusan 60, Windows 10 da 11 Pro, duk a domain ɗaya (wato ana kula da shigarsu da dokokinsu daga saba), da firinta huɗu na netwok. Shugabanni sun ce a hana ma'aikata buga takarda don kada bayanan kwastomomi da na albashi su riƙa fita a jaka. Sai dai mutum takwas na sashen kuɗi da na kula da ma'aikata dole su ci gaba da bugawa. Na ga ana cewa a kashe Print Spooler kawai, wato sashen Windows da ke karɓar aikin bugawa ya miƙa wa firinta. Hakan ya wadatar? In bai wadatar ba, ta ina zan fara?

mai_saba

Wa alaikumus salam Malam. Kashe Spooler shi ne matakin farko, kuma yana aiki, amma ka san abin da yake rufewa da abin da ya bari.

Tunda kana da domain, kada ka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Ka ware kwamfutocin mutum takwas ɗin nan a OU nasu, wato rukuni na daban a cikin domain, sauran 52 a wani. Ka ƙirƙiri GPO, wato dokar da domain ke tura wa kwamfutoci, a kan na 52 ɗin, ka shiga Computer Configuration, Policies, Windows Settings, Security Settings, System Services, ka nemo Print Spooler ka mai da shi Disabled. Kwamfutoci suna ɗaukar sabuwar doka duk bayan minti 90, da ɗan ƙarin da bai wuce minti 30 ba. In kana sauri ka buga `gpupdate /force`, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka duba da `sc query spooler`. In ya nuna STOPPED, ta zauna. Idan kwamfuta ɗaya ce ba ta domain, `sc config spooler start= disabled` sai `net stop spooler`. Ka kula da tazarar da ke bayan alamar daidai ɗin nan.

Abu uku suke ba mutane matsala a nan. Dokar ta kwamfuta ce, ba ta mutum ba: akanta ya zauna a kwamfutar wani sashe ba zai iya bugawa ba, wani kuma ya zauna a ta akanta zai buga abinsa lafiya lau. Sannan Microsoft Print to PDF yana mutuwa tare da Spooler, haka firintar lakabi ko ta rasit in akwai, kuma Excel kan yi gardama wajen saita shafi domin yana dogara da direban firinta. Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa: ranar da ka cire GPO ɗin, Spooler ba ya dawowa da kansa. Sai ka yi wata dokar da za ta mai da shi Automatic.

Akwai wata doka mai suna Prevent addition of printers a ɓangaren User Configuration. Kada ta ruɗe ka. Maɓallin ƙara firinta kawai take ɓoyewa, firintar da aka riga aka saka tana nan tana aiki.

Duk wannan kuma aikin banza ne matuƙar ma'aikata suna da ikon admin a kwamfutocinsu, domin da layi biyu mutum zai tayar da Spooler ya buga ya gama kafin dokar ta sake zagayowa. Ka fara cire su daga rukunin Administrators. Af, tun da ka buɗe wurin, ka kashe Spooler a domain controller ma, wato sabar da ke riƙe da domain ɗin. Tun matsalar PrintNightmare ta 2021, wata ɓarakar tsaro da aka gano a Spooler, ake ba da wannan shawara, babu abin da yake nema a can.

kebul_da_suwic

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Firintar netwok ba ta buƙatar Spooler ɗin kwamfutarka kafin ta fitar da takarda. Yawancinsu suna sauraro a ƙofar netwok (port) ta 9100, kuma da yawa in ka tura musu fayil ɗin PDF kai tsaye ta nan, bugawa za su yi ba tambaya. Wasu kuma in ka rubuta adireshin IP ɗinsu a burauza, shafinsu zai buɗe da wurin loda fayil a buga.

Don haka a netwok ake yin ainihin rufewar. Ka kwashe firintocin huɗu ka sa su a VLAN nasu, wato keɓaɓɓen ɓangaren netwok. A fayawol ko a ACL na suwic, wato jerin wanda aka bari da wanda aka hana wucewa, ka bar sabar bugawa (kwamfutar da aikin bugawa ke bi ta cikinta zuwa firinta) ita kaɗai ta yi magana da su, sai kwamfutar admin don saiti. Daga ɓangaren ma'aikata ka toshe 9100, da 515 ta LPD, da 631 ta IPP (wasu hanyoyin tura wa firinta aiki), da 80 da 443 na shafin firintar. Kwamfutocin takwas ɗin za su bi ta saba ne, ba kai tsaye ba. A sabar, ka buɗe Security na kowace firinta, ka cire izinin Print daga Everyone, ka ba wa rukunin da ka ƙirƙira wa mutum takwas ɗin. Da wannan ka magance matsalar wanda zai zauna a kujerar akanta, tunda yanzu sunan mai shiga ake dubawa.

Sai ka je gaban kowace firinta da ƙafarka. Ka canza kalmar sirrin admin da ta zo da ita daga kamfani. Ka kashe Wi-Fi Direct, in ba haka ba waya za ta haɗu da ita ba tare da ta taɓa netwok ɗinka ba. Ka kashe ramin USB na gaba, wanda ake soka filas a buga ko a kwashe abin da aka yi sikanin. In tana da tsarin bugawa ta imel ko ta manhajar kamfanin da ya ƙera ta, shi ma ka kashe, ka hana VLAN ɗin fita intanet gaba ɗaya. In akwai tura sikanin zuwa imel, a taƙaita shi ga adiresoshin kamfani.

Gwajin mai sauƙi ne. Daga kwamfutar ma'aikaci ka buɗe PowerShell ka buga `Test-NetConnection` da adireshin firintar da `-Port 9100`. In ya ce True, da sauran aiki.

hajiya_tsaro

Ni inda nake da ja shi ne tushen umarnin shugabannin. Wanda aka hana bugawa alhali aikinsa na buƙatar takarda, tura fayil ɗin zai yi zuwa imel ɗinsa ko wayarsa ya buga a waje. Da takardar tana cikin ofis, yanzu ta koma kwamfutar wani da ba ka sani ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Kafin ka kashe komai, ka kunna rajista na mako biyu ka ga wa ke buga me, sai ka kai wa shugabanni lissafi. Wataƙila takwas ɗin su zama goma sha biyu.

Rajistar tana cikin Event Viewer, a Applications and Services Logs, Microsoft, Windows, PrintService, Operational. A kashe take zuwa, sai ka kunna ta a sabar bugawa. Lamba 307 ita ce shaidar an buga: tana nuna sunan mai bugawa, da kwamfutarsa, da firintar, da yawan shafuka. Amma sunan fayil ba zai fito ba, Print Document kawai za ka riƙa gani, har sai ka kunna dokar Allow job name in event logs. Girman rajistar kuma kusan megabait ɗaya ne, tana cika sai ta hau share na baya. Ka ƙara mata girma ko ka riƙa tura ta wata saba. A kuma sanar da ma'aikata a rubuce cewa ana ajiye wannan bayani.

Game da takwas ɗin, su ne fa ke riƙe da sirrin da ake tsoron fitarsa, su ne kuma aka bar wa firinta. A nan ya kamata kuɗin ya tafi. Manhaja irin PaperCut tana riƙe aikin a saba har sai mai shi ya zo gaban firinta ya sa kati ko lambar sirri, don haka takardar albashi ba za ta kwana a tire ba, kuma tana iya buga sunan mutum da lokaci a gefen kowane shafi. In kamfanin yana da lasisin Microsoft 365 mai ɗauke da Endpoint DLP na Purview, wato tsarin hana fitar bayanan sirri daga kwamfuta, za ka iya hana buga fayil bisa abin da ke cikinsa ko lakabin sirrin da aka sa masa. Ka fara da Audit only, mai rubuta abin da ya faru ba tare da hanawa ba, in ka ga dokar ba ta kama takardun da ba ruwansu, sai ka koma Block. Wanda ya fara da Block ranar farko, wayarsa ba za ta huta ba.

Kada ka dogara da kalmar sirrin hana bugawa da ake sa wa PDF. Manhajar da ta ga dama ce kawai take mutunta ta. Kuma a ajiye injin yanka takarda kusa da firinta, mai yanka gicciye na matakin P-4, ba mai fitar da dogayen zirin da ake iya jerawa a karanta ba.

sabon_hannu

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Hajiya, uku daga cikin takwas ɗin laftof gare su, suna tafiya da su gida. Me zai hana su soka firintar gida? Wasu kuma suna shiga kwamfutar ofis daga nesa ta Remote Desktop.

hajiya_tsaro

Amin. A laftof ɗin ba za ka kashe Spooler ba, don haka wata dokar za ka nema. A Administrative Templates, ƙarƙashin Printers, akwai Enable Device Control Printing Restrictions. Tana hana bugawa a firintar da ba ta netwok ɗin kamfani ba, ta USB kuma sai wadda ka rubuta lambobinta na VID da PID, wato na kamfanin da ya ƙera ta da na samfurinta, a List of Approved USB-connected print devices. In ba ka ga dokar ba, fayilolin ADMX ɗinka, waɗanda ke ɗauke da jerin dokokin, su ne suka tsufa. Ka gwada ta a laftof ɗaya, a ofis da kuma a kan VPN, hanyar shiga netwok ɗin kamfani daga waje, kafin ka sake ta ga sauran.

Na Remote Desktop, a kwamfutar da ake shiga ne za ka kunna Do not allow client printer redirection, in ba haka ba firintar gidan mutum za ta bayyana a cikin zaman kamar ta ofis. A wuri guda ka hana tura faifai da abin da aka kwafa, don rufe firinta a bar waɗannan biyun ba shi da amfani.

mai_saba

Ƙari kaɗan kan 52 ɗin. Ko Spooler na kashe, Chrome da Edge suna iya mai da shafi PDF ta Save as PDF, kuma nan ne bayanan da ke cikin manhajar kamfani ta burauza suke zama fayil. Dukansu suna da doka mai suna PrintingEnabled. Ka sauko da ADMX ɗinsu ka kashe ta, sannan ka buɗe `chrome://policy` ko `edge://policy` a kwamfutar ma'aikaci ka tabbatar ta fito a jerin, ka danna Ctrl da P ka ga ya ƙi.