Me ya sa takardun gwajin zuciya da yawa suke dawowa da alamar matsala?

Malamar Jinya, Zango:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wata cibiyar kiwon lafiya a nan Damagaram, kuma tun da muka fara tura masu hawan jini da masu kukan faɗuwar gaba su yi gwajin ECG, wato wanda na'ura take zana bugun zuciya a takarda, takardu da yawa suna dawowa da rubutun na'ura a samansu cewa zanen bai daidaita ba. Har da na samari lafiyayyu waɗanda takardar neman aiki ce kawai ta kai su. Shin ciwon zuciya ne ya yi mana yawa haka, ko kuwa karatun takardar ne ya gagare mu?

Likita, Birni:
Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani ba baƙon abu ba ne, domin yawan zanen da yake saɓa wa ƙa'ida ya dogara ne ga waɗanda aka auna da kuma abin da aka ɗauka a matsayin saɓani. Ku kuwa dattawa da masu hawan jini da masu ciwon suga kuka fi turawa, saboda haka dole adadin ya hau.

Akasarin abin da na'ura take yi wa alama ƙarami ne. Bugun zuciyar baligi a hutu yakan tsaya tsakanin 60 da 100 a minti, amma zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jini ko ƙishirwar bazara kaɗai sun isa su haura da shi. Samarin da kika ambata kuma, musamman sirara, zanensu yakan yi tsawo ba tare da wata cuta ba, har ya wuce ma'aunin milimita 35 da wasu likitoci biyu, Sokolow da Lyon, suka kafa a Amurka a 1949 don gano kaurin tsokar zuciya ta hagu. An daɗe da sanin cewa ma'aunin nan yana yawan ɗora wa matasa baƙar fata ciwon da ba su da shi.

Abu biyu ne ba na yarda a yi musu sakaci. Na farko shi ne wannan kaurin idan ya bayyana ga mai hawan jini na shekaru, domin shaida ce cewa jinin ya fara gajiyar da zuciya. Na biyu shi ne bugu marar tsari da yake tasowa daga kakkarwar ɗakunan sama na zuciya, wanda yake ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, kuma sau da yawa yatsa a kan jijiyar hannu yakan riga na'ura gano shi.

Mai ɗaukar gwaji, Sabon Gari:
Likita, ranka ya daɗe, a ƙara da namu laifin. Wayoyi 10 ake manna wa a jiki don a fitar da zane 12, kuma idan aka musanya ta hannun dama da ta hagu, ko majinyaci yana rawar ɗari lokacin hunturu, takarda za ta nuna ciwon da babu shi. Malama, ki duba ko gudun takardar milimita 25 ne a daƙiƙa, kuma idan kin yi shakka ki sa a maimaita.

Ungozoma, Garin Malam:
Ni tsorona yana ga akasin wannan, wato takardar da ba ta nuna komai ba sai saurin bugu, alhali zuciya tana cikin wahala. Raunin zuciya bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai zafi. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, kada a sallame ta don takardarta ta yi kyau. A tura ta babban asibitin Damagaram a yi mata hoton zuciya na eko.

Malamar Jinya, Zango:
Na gode muku duka. Hajiya, akwai mai jego ɗaya da ta zo mana makon jiya da irin wannan haki, kuma gobe da safe, in Allah ya yarda, zan aika a kira ta.