Me ya hana Nijeriya shiga tsakani a rikicin yankin rainon Ingila na Kamaru?

Ɗan Gembu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mutumin tsaunin Mambila ne a jihar Taraba, kuma shekara da shekaru ke nan muna ganin baƙi suna hawowa daga tsallaken iyaka, mata da yara da tsofaffi, kowa da ɗan abin da ya iya ɗauka a ka, sun gudo daga faɗan da ake yi tsakanin sojojin Kamaru da 'yan awaren da suke kiran ƙasarsu Ambazoniya. Marigayi kakana ya sha ba mu labarin ƙuri'ar raba gardama ta ranar 11 ga Fabrairun 1961, lokacin da mu da mutanen Bamenda da Buea duk muke ƙarƙashin riƙon amanar Ingila, mu na arewa muka zaɓi Nijeriya muka zama lardin Sardauna, su na kudu suka zaɓi haɗewa da Kamaru ta rainon Faransa. Saboda haka idan na dubi waɗannan mutane ina ganin halin da mu ma za mu iya shiga da ƙuri'ar ta faɗi ta wani gefe.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne shirun Nijeriya. Ƙasar da ta tura sojojinta Laberiya a 1990, ta tura Saliyo, ta karɓi baƙuncin shawarwarin Darfur a Abuja har aka sa hannu a kan yarjejeniya a 2006, me ya sa ba ta taɓa kiran gwamnatin Yawunde da 'yan awaren nan ta zaunar da su ba, alhali wutar a gindin katangarta take ci? Ina roƙon masu sani su haska mini.

Malamin Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kakanka. Amsar tambayarka tana da tushe a tarihi, kuma ina ganin gara a fara da faɗin gaskiya cewa Nijeriya ba shiru ta yi ba, ta riga ta ɗauki ɓangare ne. A ranar 5 ga Janairun 2018 jami'an tsaron Nijeriya suka kama Sisiku Julius Ayuk Tabe, shugaban gwamnatin wucin gadi da 'yan awaren suka ayyana, tare da abokan tafiyarsa a wani otal a Abuja, kuma kafin watan ya ƙare aka miƙa mutum 47 ga hukumomin Kamaru. A watan Maris na 2019 babbar kotun tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa miƙa su ya saɓa wa doka, domin akwai masu neman mafaka a cikinsu, amma ba a dawo da su ba, a watan Agustan shekarar kuma kotun soja a Yawunde ta yi wa Ayuk Tabe da mutum tara ɗaurin rai da rai. Wanda ya kama maka shugaba ya danƙa shi ga abokin faɗanka, da wuya ka yarda ya zauna a tsakaninku.

Dalilin da ya sa Abuja ta yi haka ba ɓoyayye ba ne. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Gabon da Kwaddibuwa da Tanzaniya da Zambiya sun amince da Biyafara a matsayin ƙasa, amma shugaban Kamaru na lokacin, Ahmadu Ahijo, ya tsaya tare da gwamnatin Gowon, bai bari ƙasarsa ta zama hanyar shigar da makamai ba. Wannan bashi ne da hukumomin Nijeriya ba su manta da shi ba. Bayan haka akwai IPOB, ƙungiyar masu neman kafa Biyafara a kudu maso gabashin Nijeriya, kuma a watan Afrilun 2021 shugabanta Nnamdi Kanu da Ayaba Cho Lucas, jagoran ɗaya daga cikin rundunonin 'yan awaren Kamaru, suka bayyana wa duniya cewa sun ƙulla ƙawance. Duk gwamnatin Nijeriya da ta ba 'yan Ambazoniya kujera a teburin shawarwari, ta san gobe za a nemi irin wannan kujera a cikin gidanta. Ga kuma yaƙi da Boko Haram, inda sojojin ƙasashen biyu suke aiki tare a rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Cadi, wadda ɗaya daga cikin sassanta yake a garin Mora na Kamaru. Ga batun Bakassi, wanda sai da Kotun Duniya ta yi hukunci a 2002, aka yi yarjejeniyar Greentree a 2006, sannan aka kammala miƙa yankin a watan Agustan 2008, kuma babu wanda yake son a sake taɓo wannan miki.

Ta fuskar ƙungiyoyin yanki ma abin ya zo da matsala. Nijeriya tana cikin ECOWAS, Kamaru kuwa tana cikin ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka, saboda haka iyakar da kake zaune a kanta iyaka ce tsakanin ƙungiyoyi biyu, kowace tana ganin aikin ba nata ba ne ita kaɗai. Tarayyar Afirka kuma tana riƙe da ƙudurin Alƙahira na 1964 na mutunta iyakokin da aka gada a lokacin samun 'yanci. A 2009 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka ta amince cewa mutanen Kudancin Kamaru, wato yankin da Ingila ta raina, al'umma ce mai nata haƙƙi, ta ƙi amincewa da ɓallewa, ta ba da shawarar a zauna a tattauna kan tsarin mulki. Da an ɗauki wannan shawara a lokacin, shekara bakwai kafin lauyoyi da malaman makaranta su fara yajin aiki a ƙarshen 2016, ina kyautata zaton ba za a kai ga ayyana ɓallewa a ranar 1 ga Oktoban 2017 ba.

Hajiya 'Yar Bamenda ta rubuta:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, bayaninka ya gamsar. Amma ina so in ƙara abin da mu da aka haifa a can muka gani da idonmu, domin ana maganar nan kamar ɓangare biyu ne kawai, gwamnati da 'yan aware, alhali mafi yawan mutane suna tsakiya ana taka su. Iyayena Hausawa ne na tsohon garin Bamenda, a can aka haife ni, a can na yi makaranta, ina jin Turancin buroka kamar yadda nake jin Hausa. Lokacin da lauyoyi suka fito suna cewa ana turo alƙalan da ba su san tsarin shari'ar Ingila ba, malamai kuma suna cewa ana turo masu koyarwa da ba su iya Ingilishi ba, mu ma mun san kukan gaskiya ne, domin 'ya'yanmu suna cikin azuzuwan. Da gwamnati ta katse intanet daga Janairu zuwa Afrilun 2017, mu 'yan kasuwa muka fara ɗanɗana kuɗarmu.

Amma daga baya 'yan Amba, wato mayaƙan awaren, suka mai da kowace Litinin ranar zaman gida dole, wanda ya buɗe shago ya san abin da zai same shi, suka hana yara zuwa makaranta shekara bayan shekara. An taɓa ɗauke ƙanen mijina a hanyarsa ta dawowa da kayan gwari, sai da muka sayar da abin da muka mallaka muka biya kuɗin fansa, har yau ba mu san ƙungiyar da ta riƙe shi ba. Wannan ne ya sa muka tattara muka koma Duwala. A Ngarbuh, ranar 14 ga Fabrairun 2020, an kashe fararen hula aƙalla 21, yawancinsu yara, kuma gwamnati da bakinta ta amsa daga baya cewa da hannun sojojinta a ciki. A Kumba, ranar 24 ga Oktoban shekarar, 'yan bindiga suka shiga aji suka harbe 'yan makaranta bakwai. Makiyaya Fulani ma sun shiga tsaka mai wuya, an sace musu shanu, an kashe su, wasu daga cikinsu kuma aka jawo su cikin 'yan sintiri har aka ambace su a kisan Ngarbuh, gaba ta shiga tsakanin maƙwabtan da suka zauna lafiya tun kakanni.

Tambayata ga masu neman a shiga tsakani ita ce, da wa za a zauna? Gwamnatin wucin gadin ta rabu gida-gida tun 2019, shugabanninta suna Amurka da Turai, yaran da suke riƙe da bindiga a daji kuwa ba lallai su bi umarnin wanda yake magana a Facebook ba. Suwizalan ta gwada daga 2019, wasu ƙungiyoyi suka shiga, wasu suka ƙaurace, gwamnati ma ba ta taɓa zama a teburin ba har abin ya mutu a 2022. Ministar harkokin wajen Kanada Mélanie Joly ta sanar a ranar 20 ga Janairun 2023 cewa ɓangarorin sun yarda a fara shawarwari, muka yi murna har wasunmu suka fara maganar komawa gida, bayan kwana uku kakakin gwamnati ya fito ya ce Kamaru ba ta ɗora wa wata ƙasa aikin shiga tsakani ba. Ni abin da ya fi yi mini ciwo shi ne taron da marigayi Kadina Christian Tumi, babban limamin cocin Katolika, ya so ya kira a 2018 tare da limaman manyan masallatan Bamenda da Buea da shugabannin cocin Furotesta. Waɗannan mutanen gida ne da kowa yake jin nauyinsu, amma hukuma ba ta ba da izini ba, 'yan aware masu tsauri kuma suka yi musu kallon maciya amana.

Ba'agadashe ya rubuta:

Hajiya, Allah ya mai da alheri, ya tsare sauran iyali. Ina so in kawo abin da ya faru a ƙasarmu Nijar, ko zai yi amfani. Tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990 shi ma ƙungiyoyi da yawa ne, wasunsu suna neman cin gashin kai mai faɗi ga arewa, amma gwamnati ta yarda Aljeriya da Burkina Faso da Faransa su shiga tsakani, aka sa hannu a kan yarjejeniya ranar 24 ga Afrilun 1995, ranar da ta zama hutun haɗin kan ƙasa. Waɗanda ba su shiga ba a lokacin, an bi su da wasu yarjejeniyoyin a 1997 da 1998, sannan aka ƙona makamai a Agadas ranar 25 ga Satumban 2000. Tawaye ya sake tashi a 2007, amma ya lafa a 2009, kuma tsofaffin 'yan tawaye da dama sun shiga aikin soja da kwastan, wasu suka zama magadan gari da shugabannin majalisun jiha, har Brigi Rafini, Ba'abzine ɗan Iferwan, ya riƙe firaminista daga 2011 zuwa 2021. Saboda haka a ganina rarrabuwar ƙungiyoyi ba ta hana sulhu, ana farawa da wanda ya zo, sauran su ga amfanin abin su biyo baya. Aljeriya ma ba ta son ɓallewar kowa, kuma wannan bai hana ta shiga tsakani ba, to me zai hana Nijeriya?

Malamin Tarihi ya rubuta:

Ɗan'uwa Ba'agadashe, misalinka ya yi ma'ana, kuma na yarda da kai cewa ba sai maƙwabci yana goyon bayan ɓallewa zai iya sulhuntawa ba. Bambancin yana cikin abin da ka faɗa da kanka, wato gwamnatin Yamai ta yarda. Yawunde ba ta yarda cewa matsalar ta wuce ta cikin gida ba. Babban taron ƙasa da firaminista Joseph Dion Ngute ya jagoranta daga 30 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoban 2019, gwamnati ce ta kira shi, ita ta tsara abin da za a tattauna, manyan 'yan aware suna kurkuku ko suna gudun hijira. An saki fursunoni 333, an ba yankunan biyu na rainon Ingila, Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, matsayi na musamman da majalisar yanki mai ɗauke da zauren sarakuna, amma har yanzu shugaban ƙasa ne yake naɗa gwamna, kuma ba a yarda a taɓo maganar komawa tsarin tarayya ba, wanda Ahijo ya soke da ƙuri'ar ranar 20 ga Mayun 1972. Tushen ƙorafin kuwa yana nan, domin mutanen yankin suna cewa a taron Fumban na 1961 da sharaɗin tarayya suka shigo. Ni ina ganin aikin da Nijeriya za ta iya shi ne ta yi amfani da kusancinta da Yawunde ta matsa mata a asirce ta karɓi wani mai shiga tsakani, kuma ta daina miƙa masu neman mafaka.

Ɗan Gembu ya rubuta:

Malam da Hajiya da ɗan'uwa na Agadas, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki a kan makiyaya ta taɓa ni, domin a nan Mambila dangin juna ne da na can, abin da ya faru a Donga Mantung da ke tsallaken iyaka kwana kaɗan yake yi labarinsa ya iso kasuwarmu. Mun kuma ga yadda wutar take tsallakowa, domin a watan Nuwamban 2021 an kai hari ƙauyen Manga a ƙaramar hukumar Takum, aka kashe mutane har da dagacin garin, kuma 'yan awaren Kamaru aka ɗora wa alhakin. 'Yan gudun hijira dubbai suna warwatse a Kuros Riba da Binuwai da Taraba da Akwa Ibom, da yawansu a gidajen mutane suke zaune, ana raba gona da ruwa da su. Malam, idan Abuja ba za ta zauna a tsakani ba, shin doka ta ba gwamnonin jihohin kan iyaka da sarakunanmu damar su gana da sarakunan Nkambe da Nso a kan maganar kasuwa da kiwo da komawar yara makaranta, ko sai an nemi izinin ma'aikatar harkokin waje?